Ku Tambaya Mu Amsa: Zafin Gaza da maganar ƙin jinin Yahudawa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru akan magana ɗaya, to na zaɓi guda uku, na ɗan rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba, sunaye kuma na cire kamar yadda aka roƙa.

TAMBAYA: Salam Baba, dan Allah inaso ka raba mana gardama. A gurup ɗin gidanmu na WhatsApp yayana ya turo bidiyon Hitler an rubuta a ƙasa wai "da ma ya ƙarasa su". Nace gaskiya wannan bai dace ba, shikenan aka yi min caa, har kawuna yace boko ta ɓata ni na zama 'yar koren Yahudawa. Wallahi Baba duk gidan nan ni ce nake kasa cin abinci in na ga yaran Gaza, amma zuciyata ta ƙi yarda da wannan bidiyon. Nayi laifi ne?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yata. Baki yi laifi ba, kuma zuciyar da ta hana ki cin abinci saboda yaran Gaza ita ce dai ta hana ki tafa wa Hitler, abu ɗaya ne, ki gode wa Allah da Ya baki ita.

Bari in fara da Gazan, don kar wani yace ana so a shafe ta. Abinda ake yi wa mutanen nan zalunci ne, ni ban da wata kalma ta biyu. Sama da mutum 60,000 ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga an kashe tun daga Oktoban 2023, mata da yara birjik a ciki, an rushe asibitoci da makarantu, an tsare abinci har yara suka rame suka zama ƙashi da rai. Duk wanda ya saurari muryar yarinyar nan Hind Rajab tana waya daga cikin mota, gawarwakin danginta kewaye da ita tana roƙon a zo a ɗauke ta, sannan ya kwana lafiya ƙalau, to ya binciki zuciyarsa. Fushin yayanki yana da tushe. Inda ya kuskure shine inda ya kai fushin.

Kinga, masu jefa bam a Gaza suna da suna, gwamnati ce da sojoji da ministoci da ƙasashen da ke basu makamai. Yahudawan duniya kuma basu wuce miliyan 16 ba, sama da rabinsu ma ba a Isra'ila suke zaune ba, akwai mai shago a Faransa akwai tsohuwa a Ajantina akwai ɗalibi a Amurka da ko taka ƙasar bai taɓa yi ba. A ƙarshen Oktoban 2023 Yahudawa ne suka cika babbar tashar jirgin ƙasa ta New York suna ihun a tsagaita wuta har 'yan sanda suka kwashe ɗaruruwa. Ƙungiyar B'Tselem, wadda 'yan Isra'ila ne suka kafa ta tun 1989, ita ce a 2021 ta kira tsarin ƙasarta wariyar launin fata, a 2025 kuma tace abinda ake yi a Gaza kisan ƙare dangi ne. To in kika yi musu kuɗin goro, waɗannan ina zaki ajiye su? Mu da kanmu mun san ɗacin kuɗin goro, ana tare mana mota a kudu a ce duk Bahaushe ɗan Boko Haram ne duk Bafulatani ɗan bindiga ne, mun ga abinda aka yi wa mafarautan nan 16 a Uromi a Maris ɗin 2025.

Kuma ba maganar boko ba ce wannan, a gaya wa kawu cikin ladabi. A Suratul Ma'ida aya ta 8 Allah Yace kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. A Ali Imrana aya ta 113, bayan an gama zargin wasu daga cikin ma'abota Littafi, sai Yace ba ɗaya suke ba. Bukhari da Muslim sun kawo cewa an wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai Bayahude ne, yace ashe ba rai ba ne? Ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude akan sa'i 30 na sha'ir. Eh an yi yaƙi da Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, amma akan warware alkawari aka yi, ba akan jini ba, in da jini ne da Uwar Muminai Safiyya 'yar Huyayyu bata shiga gidan Annabi ba.

Shi kuma Hitler da ake yawo da hotonsa, anya yayanki ya san waye? Yahudawa miliyan 6 aka hallaka a mulkinsa, kusan miliyan 1.5 yara ne, a cusa iyali cikin taragon shanu a kai su Auschwitz a ce su tuɓe za a yi wanka sai a sako musu gas. Lokacin babu ƙasar Isra'ila ma, ba don Falasɗinu ya yi ba, don yana ganin jininsu ƙazanta ne. Mu kuma baƙar fata ba ya ma ganinmu a matsayin cikakkun mutane. A 1937 gwamnatinsa ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya, a Yunin 1940 kuma a ƙauyen Chasselay kusa da Lyon sojojinsa suka ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fararen da suka kama, suka buɗe musu wuta. Da shi da yayanki sun haɗu a wancan lokacin ai kin san sahun da za a saka shi.

In kina neman wanda zaki tura musu a gurup, ga Zainaba Hardaga. Musulma ce 'yar Sarayebo a Bosniya, mai rufe fuska. A 1941 bam ɗin Jamus ya rushe gidan wani Bayahude maƙwabcinsu Yusuf Kabiljo, sai mijinta Mustafa ya kwaso shi da iyalinsa ya kawo cikin gida, alhali ofishin 'yan sandan ciki na Jamus yana tsallaken titi kuma an lilliƙa sanarwa duk wanda ya ɓoye Bayahude kisa ne. Akwai hotonta har yau tana tafe a titi da matar Yusuf, ta sa mayafinta ta rufe alamar rawaya da aka tilasta wa matar ɗaurawa. Da aka kama Yusuf aka sa masa sarƙa yana kwasar ƙanƙara a titi ita take kai masa abinci shi da sauran fursunonin. Mahaifinta Ahmad Sadik shima ya ɓoye wasu, aka kama shi aka kashe a sansanin Jasenovac. Bayan shekara hamsin sai reshe ya juye, Sabiyawa suka yi wa Sarayebo ƙawanya suna kashe Musulmi, a 1994 iyalan Kabiljo suka shiga suka fita har aka fito da Zainaba da 'yarta da jikarta.

Shawarata, kar ki ci gaba da ja-in-ja da kawu a gaban yara cikin gurup, babba ba ya son a kayar da shi a bainar jama'a. Ki same shi gida ki gaishe shi, ki karanto masa ayar nan ta Ma'ida ki ce kawu fahimtar da ni. Zai fi saurara.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, a rumfarmu kullum ana cewa Yahudawa ne ke juya duniya, bankuna, Majalisar Ɗinkin Duniya, har faɗuwar kuɗi, wai akwai littafin sirrinsu da aka kama inda suka rubuta komai. Gaskiya ne akwai shi?
Wani ɗan'uwa daga Maraɗi

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa. Littafin akwai shi, ana ce masa Protocols, da Larabci Burutukulat Hukama'i Sahyun, amma na jabu ne, ƙanzon kurege ne tun daga bangon farko. A Rasha ya fara fitowa a 1903 zamanin sarakunansu, lokacin da ake ingiza talakawa su far wa unguwannin Yahudawa. A watan Agustan 1921 wakilin jaridar Times ta Landan a Santambul, Philip Graves, ya jera shi kafaɗa da kafaɗa da wani littafi da wani lauyan Faransa Maurice Joly ya rubuta a 1864, sai ga shi shafi bayan shafi kwafa aka yi. Shi kuma littafin Joly ko Bayahude ɗaya babu a ciki, sarkin Faransa Napoleon na Uku yake yi wa habaici, kawai aka goge sunan sarki aka rubuta Yahudawa. Duk da an tona asirin Henry Ford mai motoci ya yaɗa shi a Amurka, 'yan Nazi na Hitler suka saka shi a makarantu, daga baya aka fassara shi zuwa Larabci ya biyo kwalin littattafai har ya iso rumfunanmu. Abin yana min ciwo wallahi, mu da muke da ilimin isnadi, ba ma karɓar hadisi sai mun san wa ya ji daga wa, amma mu rungumi takardar da maƙaryatan Turai suka ƙaga.

Da yawan irin waɗannan tatsuniyoyin kayan Turai ne aka shigo mana da su. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran ƙin jinin Yahudawa da ita wani Bajamushe ne Wilhelm Marr ya yayata ta a 1879, yana alfahari da ita. Maganar wai suna yanka yara su kwaɓa burodi da jini daga Ingila ta taso tun ƙarni na 12, kuma da ta ɓulla a Dimashƙa a 1840 bayan ɓatan wani limamin Kirista, ƙaramin jakadan Faransa ne ya rura wutar, Sarkin Musulmi na Usmaniyya Abdulmajid kuma ya fitar da takarda yace ƙarya ce a daina.

Ba wai ina cewa zaman Musulmi da Yahudawa duk zuma ba ne, a'a. An yi zama mai kyau, Musa bin Maimun babban malaminsu da Larabci yake rubutu kuma likita ne a fadar Salahuddin a Masar, da Sifaniya ta kore su a 1492 Sarkin Usmaniyya Bayazid na Biyu ne ya buɗe musu ƙofa, ministan kuɗin Iraƙi na farko Sassoon Eskell Bayahude ne ɗan Bagadaza. Amma an yi musu kisan gilla a Garnaɗa a 1066, an yi a Bagadaza a Yunin 1941. Kai ko Shehu Magili da muke ji da shi, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasihar mulki, kafin ya iso nan shi ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau aka kashe da dama, kuma tun a lokacin malamai sun rabu biyu, alƙalin Tuwat ɗin Al-Asnuni yace mutanen amana ne ba a taɓa su. Kuma kamar yadda aka raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu a 1948, a shekarun da suka biyo baya Yahudawa kusan 800,000 sun bar ƙasashen Larabawa, wasu da son ransu wasu korar su aka yi aka ƙwace dukiya, Iraƙi kaɗai kusan 120,000 tsakanin 1950 da 1951. Ina akasarinsu suka tafi? Isra'ila. Wato masu ƙona shagon Bayahuden Bagadaza da sunan taimakon Falasɗinu sojoji suka ƙara wa wanda suke cewa suna yaƙa.

Maganar tasiri kuma, eh akwai ƙungiya irin AIPAC a Amurka mai zuba kuɗi a zaɓe don a goyi bayan Isra'ila, a fili take yi da ofis da suna, ka soke ta da sunanta ba wanda zai ce kayi ƙarya, ka kuma sani miliyoyin masu mara mata baya a can Kiristoci ne. Amma daga nan a tsallaka a ce Bayahude ne ya sace kuɗin takin zamani, shi ya hana asibitin garinku magani, wannan kam mafaka ce muke gina wa ɓarayinmu na gida.

TAMBAYA: Baba ni fa gani nake duk maganar sulhun nan yaudara ce. Sadat yayi, Arafat yayi, Daular Larabawa tayi, me Falasɗinawa suka samu? Akwai ma Bayahuden da yake son zaman lafiya da gaske?
Wani matashi daga Kaduna

AMSA: Ɗana rabin maganarka gaskiya ce, bazan yi maka romon baka ba. Shugaban Masar Sadat ya je Ƙudus a Nuwamban 1977, aka sa hannu kan sulhu da Isra'ila a Maris ɗin 1979, Masar ta karɓi Sina'i ɗinta a 1982, wannan riba ce ta gaske kuma tun daga nan ba a sake yaƙi tsakanin ƙasashen biyu ba, amma Falasɗinawa a takarda kawai aka ambace su. A yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin su Arafat da Isra'ila cewa aka yi shekara biyar a gama komai, yau sama da shekara talatin, 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma daga wajen 110,000 sun kai kusan rabin miliyan ban da na gabashin Ƙudus, kashi 60 cikin 100 na yankin yana hannun sojan Isra'ila. A 2002 a Beirut ƙasashen Larabawa gaba ɗaya suka ce ku koma iyakar 1967 a kafa ƙasar Falasɗinu mu kuma mu ƙulla hulɗa da ku, ba gwamnatin Isra'ila ɗaya da ta karɓa. Yarjejeniyar 2020 da Daular Larabawa da Bahrain da Maroko kuwa ciniki ne da jiragen sama da makamai, an tsallake masu gidan aka yi.

Amma ka lura da su waye ke kashe sulhun duk lokacin da ya ɗan ɗago kai. Sadat sojan ƙasarsa ne suka harbe shi a 1981. A Fabrairun 1994 cikin azumi wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna Baruch Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Khalil ya kashe mutum 29 suna sallar asuba. Hamas ta bi da tayar da bama-bamai cikin motocin haya. A 4 ga Nuwamban 1995 Bayahude ne ɗan'uwansa ya harbe Firaministan Isra'ila Rabin yana fitowa daga gangamin zaman lafiya. Masu cewa duk Balarabe dabba ne da masu cewa duk Bayahude shaiɗan ne, ko basu taɓa gaisawa ba aiki ɗaya suke yi, kowa na ciyar da ɗan'uwansa. A harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 cikin mutum kusan 1,200 da aka kashe har da Vivian Silver, tsohuwa 'yar shekara 74 wadda take ɗaukar marasa lafiyan Gaza a motarta daga bakin iyaka ta kai su asibiti. Kisanta haramun ne kamar yadda kisan Hind haramun ne, bakina ba zai yi nauyin faɗin ko ɗaya ba.

Ka tambaya ko akwai mai so da gaske. Bari in baka labarin mutum biyu. Rami Elhanan Bayahude ne ɗan Ƙudus, mahaifinsa daga Auschwitz ya tsira, shi kuma yayi soja a yaƙin 1973. Ranar 4 ga Satumban 1997 'yarsa Smadar tana gab da cika shekara 14 ta fita da ƙawayenta titin Ben Yehuda, 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam, a ɗakin ajiye gawa ya same ta. Bassam Aramin kuma Bafalasɗine ne, yana ɗan shekara 17 aka ɗaure shi shekara bakwai saboda yana cikin samarin da suka jefa wa motar soja gurneti. Shi da bakinsa yake bada labari cewa a kurkuku aka nuna musu fim akan kisan da Hitler yayi, ya zauna da niyyar ya ji daɗi, sai ya tsinci kansa yana kuka yana ɓoye fuska kar 'yan ɗakinsu su gani. Bayan ya fito suka haɗu da wasu tsoffin sojojin Isra'ila da suka ƙi ci gaba da aiki a yankunan mamaya suka kafa ƙungiyar tsoffin mayaƙa masu neman sulhu, ta nan ya san Rami.

Sai a Janairun 2007, 'yar Bassam mai suna Abir, shekararta 10, ta fito daga makaranta a Anata ta sayi alawa, ɗan sandan iyaka ya harbe ta da harsashin roba a ƙeya. Rami da matarsa suka taho asibiti suka zauna da shi har rai yayi halinsa. Kowa ya zaci shikenan Bassam zai koma ga makami, kuma wa zai ga laifinsa? Bai koma ba, kotu ya tafi, aka yi ta musun cewa ba harsashi ba ne har sai a 2010 wata alƙaliya a Ƙudus ta yanke cewa gwamnati ce da alhaki, amma wanda yayi harbin ba a taɓa gurfanar da shi ba. Bayan nan Bassam ya tafi Bradford a Ingila yayi digiri na biyu akan kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, don ya gane tsoron da ke cikin zuciyar wanda ke riƙe masa bindiga.

Su biyun yanzu suna cikin ƙungiyar iyalan da aka kashe wa 'ya'ya, wadda Yitzhak Frankenthal ya kafa a 1995 bayan Hamas ta kashe ɗansa, iyalai sama da 600 daga ɓangarorin biyu, ƙungiyar da kullum addu'arsu kar a samu sabon mamba. Kuma kar ka ɗauka irin sulhun nan ne na a ci a sha a ɗau hoto, Rami a gaban 'yan ƙasarsa yake cewa mamaya ce ta kashe 'yarsa kuma sai an kawo ƙarshenta, ana zaginsa ana ce masa maci amana, Bassam ma a nasu ɓangaren akwai masu ce masa ya sayar da jinin 'yarsa. Kai ɗan Kaduna ne, ka san Imam Ashafa da Fasto Wuye, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwa ɗaya ya rasa hannu a rikicin 1992, ka san irin maganganun da suka sha da suka fara zama tabarma ɗaya.

A watan Agustan 2023, wata biyu kafin yaƙin nan, ma'aikatar ilimin Isra'ila ta cire ƙungiyar daga jerin waɗanda aka yarda su shiga makarantu su yi wa ɗalibai magana. Gwamnati mai jiragen yaƙi ta ji tsoron uba biyu su tsaya gaban aji kowa riƙe da hoton 'yarsa. Basu daina ba, duk shekara suna yin taron tunawa da mamatan ɓangarorin biyu tare, da Larabci da Ibrananci, kuma ana haska shi kai tsaye a intanet, in lokacin ya zo ka nema ka kalla da idonka sannan ka sake rubuto min.